Kafin Tsoho Ya Rufe Baki

Aikina turin arabiyya ne. Haka ake kiran keken guragu a nan Madina. Iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, ta ce ni ma'aikacin hidimar baƙi ne a wani kamfanin umara, amma gaskiyar magana turi ne: daga otal zuwa Harami, daga Harami zuwa otal, sau biyar a yini. Na gama lise, wato sakandare, a Damagaram, jarrabawar ƙarshe ta ƙi ni har sau biyu. Abin da ya rage mini daga makaranta Faransanci ne. Shi ya sa duk ayarin Faransa da ya sauka, ni Sabo ake kira.

Ranar Asabar aka ba ni tsohon.

Bature ne, dogo, ƙashi ya fi nama yawa, gemu fari fat. Sunan da ya ɗauka da ya musulunta, shekara talatin da huɗu baya, Abubakar Siddiƙ. 'Yarsa Khaulat ce ta kawo shi, mace mai kamar shekara talatin, idanunta sun faɗa don gajiya.

"Ɓarin damarsa ya shanye bara," ta ce mini da Faransanci. "Yana ji, yana gane komai. Magana ce ba ta fita."

Na ce to. A raina na ji daɗi. Mai shiru ya fi sauƙin turi.

Kwana ɗaya na yi ina jin daɗin nan. Ranar Lahadi bayan azahar na mai da shi ɗakinsa, ina shirin fita, sai Khaulat ta danna wayarta ta ajiye masa a cinya. Muryoyin maza biyu suka fito. Ba ganga, ba goge, ba komai. Wani ya ja baiti, ɗayan ya maimaita, suna ta hawan juna kamar masu rububin shiga mota. Ba Faransanci ba ne. Ban taɓa jin yaren ba.

Sai tsohon ya buɗe baki.

Kalmomi suka riƙa fitowa tas, ɗaya bayan ɗaya, daga bakin nan da ya karkace, wanda jiya ya kasa ce mini ko sannu. Na tsaya riƙe da marfin ƙofa.

"Mutumin Biretan ne," in ji Khaulat. Na tuna wurin a taswirar makaranta, hancin nan na Faransa da ya tsoma cikin teku ta yamma. "Suna da yarensu. Wannan shi ne da ƙanensa, tun suna samari. Waƙoƙin da ne, na yaƙe-yaƙen shekaru ɗari shida da wani abu. Kakarsu ta koya musu."

"Ashe yana magana."

"Ba ya magana. Yana waƙa. Likita ya ce hanyarsu daban a ƙwaƙwalwa."

Faifan ya katse a ƙarshen wani baiti. Tsohon ya katse tare da shi, kamar an zare waya daga bango. Bakinsa ya ci gaba da motsi, ba sauti.

Na fita. Ba ruwana.

Ranar Litinin ruwana ya shigo. An kai ayarin ziyara, muna dawowa daga masallacin Ƙiblatain cikin bas, sai Malam Muhyiddeen ya ɗauki lasifika. Ɗalibi ne a jami'a, ɗan Zariya, yana rakiyar ayari lokacin hutu. Mutumin kirki ne, sai dai komai nasa a tsare yake kamar jadawali. Ya ce ranar Alhamis za a ɗaura ihrami a miƙatin Bi'ir Ali a wuce Makka, don haka a gwada talbiyya tun yanzu. Ya faɗa, ya tsaya, mutane suka maimaita. Ya faɗa, ya tsaya, suka maimaita.

Ina zaune bayan tsohon. Ina ganin jijiyar wuyansa ta miƙe. Abin da ya fito wani gurnani ne, irin na rago da aka danne.

Da muka sauka ya nemi allon da yake rataye a jikin kekensa. Da hannun hagu ya rubuta kalma biyu, a karkace, ya ɗauki kusan minti uku. Khaulat ta karanta, ta rufe ido.

"Me ya ce?" Malam Muhyiddeen ya tambaye ni.

"Ya ce da bakinsa zai faɗa."

"Ka gaya masa Allah bai ɗora wa rai abin da ba ta iyawa ba. Niyya a zuci take. 'Yarsa ma za ta iya yi masa talbiyyar, umararsa ta yi."

Na fassara. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai, ya kai hannun hagu ya ja birkin keken. Na tura, keke ya ƙi. Muna tsakiyar ƙofar otal, mutane suna ta kewaye mu.

"Kun gani ko," in ji Khaulat. "Shekara talatin da huɗu yana cewa zai zo. In bai faɗa da bakinsa ba, ba zai wuce miƙati ba. Zai zauna a wurin har bas ta tafi. Na san shi."

Sai ta juyo gare ni. Tun kafin ta buɗe baki na san da magana.

Wai likitan magana ya ce in ya samu mutum mai rai ya riƙa waƙa da shi, ba faifai ba, wataƙila harshen ya saki har wasu kalmomi su biyo. Waƙar ta mutum biyu ce. Shi ke ja, ɗayan maimaitawa kawai yake yi. Ba sai na san yaren ba.

"Hajiya, ni turi aka ɗauke ni."

"Na sani."

"A gidanmu ba mu gaji roƙo ba. In labari ya je Damagaram cewa Sabo ya zo Madina ya zama ɗan amshi, uwata ba za ta fita unguwa ba."

Ba ta gane zancen roƙo ba, ban kuma tsaya bayani ba. Na ce ita me ya hana ta?

Ta ce, "Da ya musulunta wani ya ce masa waƙa haramun ce, duk iri ɗaya. Ya daina. Ƙanensa ya zo har gida sau uku yana roƙonsa su yi ko baiti ɗaya a bikin 'yarsa, ya ƙi. Har ƙanen ya rasu ba su sake magana ba. Ni kuwa na tashi a gidan da ko kiɗan talla aka sa a talabijin sai a kashe. Yanzu ga shi abin da ya jefar shi kaɗai ya rage masa a baki." Ta ɗaga kafaɗa. "Na gwada. Maƙogwarona rufewa yake yi."

Na kama keken zan tura. Tsohon ya saki birki ya kama wuyan hannuna. Hannun hagun nan nasa kamar filaya. Bai sake ni ba sai da na ce to.

Da yamma Khaulat ta ba ni takardu huɗu, fassarar waƙar da Faransanci da rubutun hannun marigayi ƙanen tsohon. Na karanta a ɗakinmu na unguwar Al-Sih kafin magariba, na ƙara jin haushi. Wai zamanin da wasu 'ya'yan sarauta biyu suke yaƙi kan mulkin ƙasar Biretan, ɗaya Ingila na bayansa, ɗaya Faransa. Wani gari mai ganuwa a bakin teku. Mai tsaron ƙofa an umarce shi ya rufe ƙofa da zarar ya hango ƙurar mayaƙa. Ya hango. Amma ƙanensa yana waje, ya kai shanu kiwo a fadamar da teku ke cikawa da yamma. In ya jira shi, gari ya ci wuta. In ya rufe, ƙane yana tsakanin ruwa da takobi. Shi ke nan labarin. Amma sai an lissafa sunan kowace saniya. Sai an faɗi kalar rigar uwarsu. Sai ƙararrawar coci ta buga sau nawa. Baiti talatin na karanta, mutumin nan yana tsaye hannu a kan sakata, bai rufe ba bai bari ba. Nan takarda ta ƙare.

Washegari na tambaye ta sauran.

"Iyakar abin da baffana ya fassara ke nan. Faifan ma a nan ya katse. Baiti hamsin da biyu ne, sauran suna kan Baba."

"To ya rufe ko bai rufe ba?"

"Ban sani ba."

"Abin ma ya faru kuwa?"

"Wa ya sani? Yaƙin dai an yi shi."

Ranar Talata muka fara a ɗakin otal. Ta kunna faifan, tsohon ya hau kan muryar da ke ciki, ta kashe, ya ja baitin farko shi kaɗai har ƙarshe. Na jira ya rufe baki. Na ja numfashi. Na maimaita yadda kunnena ya kama, yaren duk ƙashi, kamar ana tauna tsakuwa. Na gama na dube shi.

Shiru. Ya bugi hannun keke.

Aka sake. Ya ja, na jira, na maimaita. Shiru. Bugu.

Sau goma sha ɗaya. Na ƙirga. Na gyara furuci, na ɗaga murya, na sauke, na rufe ido. Duk lokacin da na gama, sai in tarar bakinsa ya riga ya kulle, yana harara ta kamar na taka masa sallaya. A na goma sha biyu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ma'aikacin otal ne, wai maƙwabta sun kai ƙara, nan Madina ce ba gidan biki ba. Na ce ya yi gaskiya. Har cikin raina na faɗa.

Sauran kwana ɗaya. Khaulat ta ce a nemi wani wuri. Wurin da na sani kaɗai bas ɗin Maikuɗi ce, da yake ajiyewa a wani fili kusa da gidanmu. Maikuɗi direban ayarin ne, Bakano, shekara talatin a Madina, rabin maganarsa Larabci. Tun ranar da ya ji ni Badamagare ne ban huta ba.

"Waƙa? A motata?" Ya riƙe ciki yana dariya. "Ya salam. Da kun zo Kano da bindiga kun kasa shiga, yanzu kun koma amshin Turawa. Tafaddal, ya Badamagare, shiga. Amma mukayyif, sanyin motar nan, minti talatin kawai zan kunna, mai ba kyauta ba ne."

Ranar Laraba bayan la'asar muka ɗauki tsohon muka zaunar a kujerar gaba. Maikuɗi ya kishingiɗa a kan sitiyari yana cin ƙwallon kankana, yana tofar da ɓawo ta taga.

Aka fara. Ya ja, na jira, na maimaita. Shiru. Bugu.

"Wallahi akuyar maƙwabcina ta fi ka murya," in ji Maikuɗi.

Aka sake. Bugu.

Ni dai yadda aka koya mini na sani. A Islamiyya malam ya faɗa, ka jira ya sauke, ka maimaita. A gida kuwa, ina ɗan shekara tara na taɓa shiga maganar kawuna kafin ya ƙarasa, marin da babana ya yi mini har yau in sanyi ya sauko kunnen yana tuna mini. Babba yana magana, ka kama bakinka. Da na ji 'yan'uwan nan biyu suna hawan juna a faifai, na ɗauka rashin haƙuri ne na samari, ko tsufan kaset.

Minti talatin suka cika, Maikuɗi ya kashe sanyi. Bas ta zama tanda. Zufa tana bin bayana, ƙishirwa ta dame ni, an kusa kiran magariba, ga wani dattijo na daban yana jirana a otal in kai shi Harami. Tsohon ya sake jan baitin farko, karo na ban san nawa ba, yana jan ƙarshensa a hankali kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Na riga na haddace shi. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, kai dattijo, yi ka gama mana. Ban san lokacin da na faɗa cikin bakinsa ba. Na kama kalmomin ƙarshe tare da shi, da ƙarfi, da fushi, na wuce da baitin ba tare da na tsaya ba.

Ina dab da ƙarasawa na ji muryarsa ta hau tawa. Muka sauke tare. Shi bai sauka ba, ya zarce baiti na biyu.

Khaulat ta dafe baki.

Na sake faɗa masa kafin ya gama. Ya sake faɗo mini kafin in gama. Ashe abin ke nan. Ba a barin rami. Muryar ɗaya ba ta mutuwa sai ta ɗayan ta riga ta tsaya a kanta, kamar masu miƙa wa juna bulo a kan gini. Shiru ko na numfashi ɗaya ne, shi ke rufe masa harshe. Kwana biyu ina kashe shi da ladabi.

Muka wuce baiti goma. Muka wuce talatin, inda takarda ta ƙare. Daga nan ban san me nake faɗa ba, bakina kawai ke bin nasa. Wani wuri muryarsa ta yi ƙasa, wani wuri ya runtse ido, kusa da ƙarshe hawaye ya bi ɓarin fuskar da ke motsi. Maikuɗi ya daina cin ƙwallo. Ban san lokacin da ya sake kunna sanyi ba.

Hamsin da biyu. Muka sauke tare, ya jingina.

Khaulat ta durƙusa gabansa da sauri. "Baba, yanzu. Labbaika. Ce labbaika."

Ya buɗe baki. Gurnani.

Na gwada ni ma. Na faɗa masa a hankali, na tsaya, na jira. Ya yi ta kokawa har leɓensa ya yi fari. Babu.

"Khalas," in ji Maikuɗi a hankali. "Ku bar bawan Allah ya huta."

Na tura shi otal. Maƙogwaro ya ƙone, na rasa jam'in magariba, na zama abin dariyar Bakano, duk a banza. Baiti hamsin da biyu kan ƙofa ɗaya, kalma ɗaya ta Allah ta gagara.

Alhamis da hantsi muka isa Bi'ir Ali. Filin cike da bas-bas, hayaƙi, masu sayar da silifa da ɗamara, ayari-ayari cikin fararen mayafai kowa yana neman motarsa. Ni na yi wa tsohon wanka tun a otal na ɗaura masa ihrami. Na kai shi cikin masallaci ya yi nafila da ishara, na dawo da shi gindin bas. Aikina a nan yake ƙarewa. A Makka wani ne zai karɓe shi.

Mutum arba'in da ɗaya suka hau. Na kama keken zan matsa da shi bakin ƙofa.

Ya ja birki.

"Baba," na ce da Hausa, don Faransancin ya ƙare mini. "Don girman Allah."

Ko kallona bai yi ba.

Maikuɗi ya leƙo ta taga. "Yalla ya jama'a! Askari ya ba ni minti biyar, bayan haka mukhalafa ce, tara za a ci ni, kuma ba Badamagare zai biya ba."

Khaulat ta yi magana da shi, ta roƙe shi, ta yi masa faɗa. Ta ce to ita ma ba za ta je ba, su koma gida haka nan, ya ji daɗi. Ya sunkuyar da kai, hannu yana kan birki.

Malam Muhyiddeen ya sauko, mayafinsa a gyare tsaf. Ya tsuguna gaban keken. "Bari in laƙƙana masa da kaina. Sabo, ce masa ya bi ni a hankali, ba gaggawa." Ya ɗaga yatsa. "Labbaikallahumma umratan." Ya tsaya. Ya buɗe tafin hannu, alamar bismilla, naka ne.

Babu.

Ya sake. Ina tsaye a gefe ina kallon bakin tsohon, don ba ni da wani abin kallo. Sai na ga abin. Leɓensa ba ya motsi lokacin da Malam ya yi shiru. Yana motsi ne tun Malam bai gama ba, daidai kan kalmar ƙarshe, yana neman inda zai taka. Kafin ya taka, Malam ya datse, ya miƙa masa shiru a tafin hannu. Abin da ni ma na yi masa jiya ke nan, bayan na kwashe awa guda ina koyon kada in yi. Don na ce wannan waƙa ce, wannan kuwa ibada, ba a haɗa su.

Na ji haushin kaina fiye da na kowa.

"Malam, matsa."

"Me?"

"Gafarta Malam, ɗan matsa mini."

Na durƙusa a kan kwalta mai zafi, na kama hannun hagun nan na cire shi daga birki na riƙe. Na fara, ba da karin waƙarsu ba, da karin nan da kowane alhaji ya sani, sai dai na ja shi, na ƙi sauke ƙarshen. Labbaikallahumma umrataaan. Na riƙe har numfashina ya kusa ƙarewa.

Wata murya ta shigo ƙarƙashin tawa. A shaƙe, a karkace. Ta kama ƙarshen tare da ni, ta koma farko ita kaɗai. Lab-bai-ka.

Yana kaiwa kalmar ƙarshe na faɗa cikin bakinsa.

"Kai Sabo!" in ji Malam Muhyiddeen. "Bar shi ya ƙarasa mana! Wane irin rashin ta ido ne wannan?"

Ba halin in amsa. In na amsa an samu rami. Na ɗaga masa hannu kawai, ni da ban taɓa ɗaga wa malami hannu ba, na zarce cikin talbiyya. Labbaikallahumma labbaik. Tsohon ya hau, ya maimaita, na hau. Labbaika la sharika laka labbaik. Ya hau. Kowace kalma ta fito. Wasu sun gurgunce, amma sun fito, kuma da bakinsa.

Malam Muhyiddeen ya buɗe baki zai sake magana, ya dubi tsohon, ya rufe.

Muka kai ƙarshe muka koma farko, don ban ga wurin tsayawa ba. A nan na gane wata sabuwar masifa. In na yi shiru ya yi shiru. Makka kuwa tafiyar awa biyar ce, ni ba ni da ihrami, ba ni da izinin barin Madina, ga mutum biyu suna jirana a otal kafin azahar.

Maikuɗi ya danna ham. Na yi masa alama da kai. Ya sauko yana ƙunƙuni, shi da Malam suka ɗaga tsohon, ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙafa, ni ina biye da bakina kusa da kunnensa, muna hawan matakala ana talbiyya ba a yanke ba. Suka zaunar da shi a kujerar gaba. Khaulat ta zauna gefensa.

Na dube ta. Na nuna bakina, na nuna nata.

Ta girgiza kai.

Na sake nunawa. Ba yadda zan yi mata bayani, bakina ba nawa ba ne. Na zare mata ido yadda uwata take zare mini. Tsohon yana jan innal hamda, yana gangarowa ƙarshe, na ɗaga yatsa uku, na sauke ɗaya, na sauke biyu.

Ta shigo a makare, murya ƙasa-ƙasa. Na rufa mata. Zagaye na biyu ta shigo daidai. Na rage tawa. A na uku na yi shiru gaba ɗaya.

Ya hau muryarta. Bai ko lura na fita ba. Ko ya lura, bai nuna ba.

Na sauka da baya. Na naɗe keken na cusa a ma'ajiyar kaya. Malam Muhyiddeen yana bakin ƙofa, ya dube ni kamar zai kawo hadisi, sai ya ce, "Allah ya saka," ya hau.

"Badamagare," in ji Maikuɗi ta taga, "in kamfani ya kore ka, ka zo Kano, ana neman 'yan amshi."

Ƙofa ta rufe. Bas ta bi layin fita, ta shige cikin sauran.

Na tsaya a filin gwiwoyina suna zafi, kwalta ta ƙona mini wando. Sai a lokacin na tuna ban tambayi kowa ba, kuma babu wanda zan tambaya. Mutum ɗaya ne a duk ƙasar nan ya san ko mai tsaron ƙofa ya jira ƙanensa, ga shi can ya kama hanyar Makka, kuma ko yana nan ba zai iya gaya mini ba.

Na samu motar da za ta mai da ni cikin gari. Muna wuce gada na kama kaina ina motsa baki. Baitin ƙarshe ne, na hamsin da biyu. Ya zauna mini daram, kowane harafi, tun jiya. Ƙarshen labarin yana bakina, ban san me yake cewa ba.

Direban, wani Basudane, ya dube ni ta madubi ya tambaya ko lafiya.

Na ce masa ya kula da hanya.